Ranar Da Manhaja Ta Kira Mamana Sa

Na san abin da wasunku za su rubuta a wurin sharhi tun kafin su kai ƙarshe, don haka bari in riga ku faɗa. Eh, ni ce yarinyar nan da ta tsaya a gaban manya ranar da aka zo maganar aurenta, ta birkita zaman a kan ɗan waƙafi. Ɗan waƙafin nan na sama da ake maƙalawa a tsakiyar suna, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ku zage ni son ranku, kunnena ya saba. Amma ku yi wa Allah ku karanta tukuna.

Aikina gwajin manhaja ne. Kamfaninmu yana rubuta wa asibitoci da manyan shaguna manhajojin da suke aiki da su, kuma kafin a saki kowacce ta je hannun jama'a sai ta biyo ta teburina. In zauna in yi ta tsokanarta. Inda aka ce a sa lamba in sa harafi, inda aka ce a danna sau ɗaya in yi ta dannawa har sai ta gaji, in katse mata intanet tana tsakiyar aiki in ga ko za ta haukace. Idan na gama, maɓalli biyu ne a gabana. Kore an rubuta masa "Na amince", ja an rubuta masa "Ban amince ba". Muddin ina ofis, in ban danna kore ba babu inda manhaja za ta je, ko da Oga zai yi birgima a ƙasa. Sai fa in ba ni da lafiya ko ina hutu, to a nan dokar kamfani ta ba shugaban masu rubuta manhaja damar dannawa a madadina. Shi ya sa ko zazzaɓi nake yi sai na lallaɓa na je. Saboda yawan danna ja ne 'yan ofis suka raɗa mini suna Danja, har mai share mana ofis haka take kirana.

A gida kuwa ba a ɗauki wannan a matsayin sana'a ba. Gwaggo, yayar Baba, wadda in ta fara magana ko rediyo sai ya ba ta wuri, ita ta fara cewa an ɗauke ni aikin neman aibu har ana biya na. Wai aikin ya biyo ni gida, duk saurayin da ya zo sai na juya shi ciki da bai na gano inda ya tsage. Ban musa ba, na sallami wasu. Wani ƙarya ya yi mini a kan aikinsa, wani kuma a gabana ya daka wa tsohon mai gadinsu tsawa kamar ba a haife shi ba. Gwaggo ta ce miji ba manhaja ba ne da za a tsaya gwada shi. Na ce a raina, ai shi ya fi buƙatar gwajin, tunda manhaja in ta ƙi ana iya goge ta.

Sai ga Injiniya.

Shi ne shugaban masu rubuta manhaja a ofishinmu. Dogo, kullum cikin farar riga mai dogon hannu da yake naɗewa zuwa gwiwar hannu, da tabarau mai siririn ƙarfe, da wani turare mai sanyi da ke riga shi shigowa ɗaki. Ranar da na fara mayar masa da aikinsa, da kansa ya tako har teburina yana rera waƙar da duk masu rubuta manhaja suke rerawa, wai a kwamfutarsa lafiya lau take aiki. To mu a aikinmu akwai ƙa'ida: matsala ba ta zama matsala sai ka maimaita ta a gaban wanda ya rubuta ta, ya gani da idonsa. Na jawo masa kujera, na danna nan na danna can, manhajar ta kife a gabansa. Na shirya jin musu, sai kawai ya tuntsure da dariya ya ce na kama shi. A ranar na fara lura da cewa yana da wushirya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Har yanzu da nake rubuta wannan ina son sa, kuma abin yana ba ni haushi. Shi kaɗai ne namijin da ya taɓa ce mini idona ni'ima ne ba cuta ba. Danjata yake kirana.

Mama kuwa kamar ta goya shi. In ya zo gidanmu ba ya hawa kujera, a kan kafet yake zama kusa da ƙafarta, ya karɓi wayarta ya goge mata hotunan da suka cika ta, ya ƙara mata girman rubutu. Ya san tana da hawan jini, ya san sunan ƙwayar da take sha kowace safiya, har ledar lemo da ayaba yake kawo mata. Mama irin mutanen nan ce da in asibiti ya ce su tsaya da ƙafa ɗaya, haka za su wuni. Saƙon asibiti a wayarta ba ta goge shi, kuma ba ta jayayya da shi.

To, wannan asibitin da Mama ke zuwa shi ne ya ba kamfaninmu aiki mafi girma da muka taɓa samu. Manhaja ce da za ta riƙe bayanan marasa lafiya, ta kuma riƙa tura musu saƙo a waya: ga ranar ganin likita, ga yadda za ka sha maganinka, likita ya ce ka ƙara, likita ya ce ka daina. Injiniya ne ya jagoranci aikin. Oga ya riga ya yi wa asibitin alkawarin rana, ya kuma yi wa Injiniya alkawarin kujerar mataimakinsa in aka cika ranar. Mun sha zama da Injiniya a wurin shan shayin ofis muna lissafin irin labulen da za mu sa a gidanmu in ya hau kujerar.

Ana saura 'yan kwanaki a sake ta, na gama gwada ta da sunayen bogin da yaransa suka ba ni. Komai lafiya. Amma wani abu ya tsaya mini a rai: sunayen nan daga intanet suka kwaso su, duk na wasu ƙasashe ne, babu ko ɗaya da ya yi kama da na mutanen da ke layi a asibitin. Sai na buɗe sabon fayil na rubuta sunan Mama, kamar wasa. Sunanta yana da hamza, wato ɗan waƙafin nan na sama, bayan harafi na biyu. Na danna ajiye, na sake nemo ta.

Manhajar ta ce: Sa.

Na yi dariya ni kaɗai, na ce yau an mayar da uwata ɗan saniya. Sai na ƙara wasu sunaye masu irin farkon, su Sa'idu, su Sa'adu, na ba kowa ciwonsa da maganinsa daban. A nan dariyar ta ɗauke. Ashe da zarar manhajar ta ci karo da hamza sai ta yanke sunan a nan, ta watsar da duk abin da ya biyo baya, har sunan uba. Duk mai irin wannan suna ya zama mutum ɗaya a idonta. Ta ɗauko umarnin da likita ya ba wannan ta tura wa wancan. Mai ciwon suga ya samu saƙon mai ciki, mai ciki ta samu na mai ciwon ƙoda.

Na kira Injiniya, na jawo masa kujera kamar ranar farko, na maimaita masa abin. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya murza ido, ya leƙa ko akwai mai jin mu.

"Danjata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "waƙafi ne fa. Waƙafi."

"Waƙafin yana tsakiyar sunan uwata."

"To a ce wa ma'aikatan asibitin su daina sa shi. In sun zo rubuta suna su tsallake, shi ke nan."

"Waɗanda aka rubuta shekara da shekaru fa? Ai su za mu kwaso mu zuba a ciki."

"Mutum nawa ne ma haka?"

"Ka ƙirga a danginku kawai."

Ya yi mini bayani, kuma gaskiya ya faɗa, cewa wurin da manhajar ke karanta suna yana can gindinta, in aka taɓa shi sai an taɓa komai, sannan sai na sake gwaji tun daga farko, ranar Oga kuwa ta wuce ke nan. Ya ce babu manhajar da ake saki ba tabo, mu sake ta, mako mai zuwa a gyara a ɓoye ba wanda zai sani. Na ce mako guda ya ishi mutum ya daina shan maganin da ke riƙe da ransa. Yana tsaye a kaina na danna ja, na rubuta dalili, na tura wa Oga.

Daga nan wayata ba ta sake hutawa ba.

"Kin ci abinci?"

"Danja, ki duba mini, Oga yana kaina."

"Wannan aikin shi ne gidanmu fa, ni da ke."

"Na ga kin karanta kin yi shiru."

Amsa ɗaya na ba shi: "Ka gyara, in gwada, in danna kore da hannu biyu."

Washegari da yamma na dawo gida na tarar da ledar lemo a kan tebur, ƙamshin turarensa bai gama barin falo ba, Mama da Gwaggo suna zaune kamar alƙalai. Bai kai ƙarata ba, ya fi haka wayo. Cikin raha ya ce musu Danjarsa tana gasa shi a ofis, yaransa har sun fara yi masa dariya. Mama ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san mace mai kunyata namiji a gaban na ƙasa da shi, kuma ba haka ta raine ni ba. Gwaggo ta karɓe, ta ce wadda ba ta iya kau da kai a ofis ba, a ɗakin miji ma ba za ta iya ba, kuma shekaru ba jira suke yi ba, ƙannen bayana duk sun yi ɗaki. Na buɗe baki na ce maganar maganin marasa lafiya ce, har da na Mama. Mama ta ce asibiti ba mahaukata ba ne da za su ba mutum maganin wani. To ina zan iya duban idonta in ce manhajar surukinta ta mayar da ita sa? Na haɗiye.

Baba yana gefe da jaridarsa, shi ba mai yawan magana ba ne. Da zan wuce ɗaki ya sauke ta ya tambaye ni ko na tabbata da abin da na gani. Na ce na tabbata. Ya ce to, ya mayar da jaridar fuskarsa. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, da safe na koma ofis jan nan yana nan inda na bar shi.

Sai abu ya juya. Injiniya ya same ni a wurin shan shayi, ya ajiye mini kofi da kansa, ya ce ya yi tunani, ni ce da gaskiya. Ya ce ya shawo kan Oga an ɗaga ranar, za su gyara a tsanake in sake gwadawa. Kafin in gama jin daɗin wannan ya ƙara da cewa rigimar nan ta nuna masa ba zai iya rasa ni ba, don haka ya matsa wa iyayensa su matso da zuwansu wurin Baba, a cikin makon nan za su zo. Har ma ya roƙar mini hutun kwana biyu a wurin Oga don in taya Mama shiri.

Na san kun riga kun gano. Ni ban gano ba. Ni da ake biya don in yi zargin komai, na karɓi takardar hutun nan ina murmushi, har ina jin kunyar yadda na matsa masa. Mama ta ce kin gani ko, wane namiji ne zai nemar wa mace hutu. Gwaggo ta ce Allah ya sa in san darajarsa.

Ranar ta zo. Tun da safe aka kwance labulen falo aka sa sababbi masu ruwan zuma, aka fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa su sai baƙi na musamman, aka goge teburin gilashi har mutum yana ganin haƙoransa a ciki. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, da mayafi mai laushi da ya ɗan fi ta haske, da takalmin da ke matse mini ɗan yatsa amma Gwaggo ta rantse shi ya dace. Da ta ga ina leƙa wayata sai ta fizge ta ta jefa a jakarta ta zuge, ta ce yau dai babu gwaji, in bar duniya ta huta da idona.

Bayan azahar suka iso: mahaifinsa, dattijo mai farin gemu da tabarau rataye a wuya, da ƙanen dattijon, da mahaifiyar Injiniya. Injiniya ne ya tuƙo su, amma ya tsaya a mota a waje, wai kunya. Baba ya shiga da su falo. Mu muna kicin, ina jera kofuna a faranti, Gwaggo tana gyara mini mayafi karo na ba adadi, sai wayar Mama ta yi ƙara a kan firji. Ta goge hannu ta ɗauka, ta nesanta ta da fuskarta tana karantawa a hankali. Na ga fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Yau farin ciki biyu. Asibiti sun ce likita ya ce in daina shan maganin hawan jinin nan daga yau. Ashe na warke." Sai ta ɗan yamutsa fuska. "Amma wa ye Sa? Ni ce sa?"

Ban san lokacin da na dire farantin ba. Na karɓi wayar. Ga shi nan da manyan baƙaƙen da Injiniya ya ƙara mata da hannunsa: "Barka da zuwa sabuwar manhajarmu, Sa. Likitanka ya ce ka dakatar da maganin hawan jini daga yau."

Na juya wurin Gwaggo na miƙa hannu. Ta fara cewa wace irin rashin kunya ce wannan, amma da ta kalli fuskata sai ta buɗe jakar. Saƙonni sun taru. Yarinyar da ke zama kusa da ni a ofis ta rubuto tun safe: "Danja kina ina? Sun sake ta fa." A ƙasa ga sanarwar kamfani: an amince da sakin manhajar asibiti, shugaban masu rubutu ya danna a madadin mai gwaji, saboda tana hutu.

Tana hutu. Hutun da ya roƙar mini. Ranar da ya zaɓa wa iyayensa. Ba a ɗaga komai ba, ni aka ɗaga daga kujerata, aka zaunar da ni a kicin da takalmi mai matsi.

Ban tsaya kuka ba, don ba ni da lokacinsa. Ina da lambar shugabar masu ba da magani ta asibitin, tun lokacin da muke gwaji tare. Na kira ta na ce ta sa a tsayar da tura saƙonni yanzu, a kuma bi duk mai hamza a sunansa a kira shi a ce kar ya bi abin da aka turo masa. Ta yi salati, ta ce ashe shi ya sa wani tsoho ya kira yana tambayar yaushe ya samu ciki. Sannan na kira Oga. Ya fara ce mini in kwantar da hankalina, a bari a gani zuwa gobe, kada maganar ta fita. Na ce ta riga ta fita, asibiti sun sani, a janye manhajar a mayar musu da tsohuwar. Ya tambaye ni ko na san abin da na jawo wa kaina. Na ce na sani, ranka ya daɗe, na kashe.

Na ɗaga labulen tagar kicin. Motarsa tana ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, gilashi a rufe. Mai kunya yana zaune da kwamfuta a kan cinya, yana kallon yadda manhajarsa ke tafiya, har yana gyaɗa kai. Na ɗauki hoton saƙon Mama na tura masa, ban rubuta komai ba. Ina kallo ya ɗauki wayar, ya daskare, ya ɗago ya dubi gidanmu. Na ba shi dama, wallahi na ba shi. Da ya fito da gudu ya tambayi ko Mama ta sha maganinta yau, da wataƙila wani labarin nake ba ku. Ga abin da ya turo:

"Danjata, don Allah kar ki tayar da hankalin kowa yau. Gobe da safe zan gyara. Ki bari a gama wannan zaman tukuna."

A bari a gama. Abin da ya ce a kan manhaja shi ya ce a kan aurena: a sake shi haka, a gyara daga baya.

Mama ta zauna a kan 'yar kujerar kicin, hannunta a ƙirji. Na yi mata bayani a gajarce, wannan karon ba wanda ya katse ni. Na ce saƙon na wani ne, nata maganin yana nan, kada ta kuskura ta daina. Ta ce da ba ta karanta a fili ba, da gobe ba za ta sha ba, kuma da ba za ta gaya wa kowa ba sai ta ga ta kwana biyu garau. Ta tambaye ni ko ya san sunanta yana ciki. Na ce a gabansa na rubuta shi.

Gwaggo ce ta tare ƙofa. Ta ce ta ji, yaron bai kyauta ba, amma a rufa asiri, baƙi suna falo, in shiga in yi abin da ya kawo su, daga baya a zauna a yi masa faɗa a cikin gida. Ta ce namiji irin wannan ba a samun sa a kan hanya, kuma in na kore shi kowa zai ce halina ne na neman aibu. Na ce Gwaggo, ban neme shi ba wannan karon, har kicin ya biyo ni. Ta juya wurin Mama tana neman ta sa baki. Mama ta tashi, ta gyara mini mayafin da ya zame, ta ɗauki wayarta ta ɗora a kan farantin a tsakiyar kofuna, ta miƙo mini.

Daidai nan Baba ya kira ni.

Na shiga da sallama, na durƙusa na gaishe su, na ajiye farantin a kan teburin gilashi. Takalmin nan yana cizo na. Mahaifiyarsa ta yi mini murmushi mai kyau, irin wanda ya sa na ji kamar in fasa. Baba ya ce baƙi sun faɗi abin da ya kawo su, shi kuma ba ya yanke wa 'yarsa magana, yana so su ji daga bakina. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ya yi mini ranar jarida.

"Kin amince?"

Kalmar da ke kan koren maɓalli. Na ji kamar in yi dariya, na ji kamar in yi kuka. Na ɗauki wayar Mama daga cikin kofuna, na kunna fuskarta, na ajiye ta a gaban mahaifinsa.

"Ban amince ba, Baba. Ba a yau ba, ba a haka ba. Abba, don Allah ka karanta wannan. Saƙon da aikin ɗanka ya turo wa mahaifiyata ne. Na gaya masa zai faru, na hana a saki, shi ne ya nemar mini hutu ya kawo ku yau don in bar kujerata."

Ƙanen mahaifinsa ya ajiye kofin da ya ɗauka. Daga bayan labule na ji Gwaggo tana salati ƙasa-ƙasa. Dattijon ya ɗauki tabaransa daga wuya ya sa, ya karanta, ya sake karantawa, leɓensa yana motsi. Ya tambayi Baba ko uwargidansa tana da hawan jini da gaske. Baba ya ce shekara da shekaru. Dattijon ya ajiye wayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya juya wurin ƙanensa.

"Je ka kira mini shi. Ka ce ya shigo da kwamfutar tasa."

Na san wataƙila ba ni da aiki in hutun nan ya ƙare. Na san wataƙila labulen da muka zaɓa wata ce za ta rataya shi, kuma zuciyata tana ciwo kamar an taka ta. Amma da na ji ƙarar rufe ƙofar mota, da takunsa yana matsowa, sai na cire takalmin nan na ajiye a gefe, na ture kofunan masu bakin zinare na yi wa kwamfuta wuri a kan tebur, na jawo masa kujera kusa da mahaifinsa. Ai na gaya muku ƙa'idar aikinmu: matsala ba ta zama matsala sai an maimaita ta a gaban wanda ya rubuta ta.